Sa Hannun Wa Doka Ta Sani? Tarihin Nas da Diyyar Ma'aikata a Amurka

Ina aji biyar a firamare injin matsar gyaɗa ya cinye wa kawuna yatsu biyu na hannun dama, manuni da na tsakiya. Ban ga faruwar abin ba, amma na ga jinyar, domin ni ne ɗan rakiya. A ƙaramin asibitin garinmu akwai wata nas, dattijuwa, ba ta cika magana ba. Ita ta tsai da jinin, ita ta yi ɗinki, ita ce kuma ta yi ta wanke ciwon tana sake masa bandeji har mako shida. Da magana ta zo kan biyan diyya, sai aka ce wa kawu takardar da ta rubuta ba za ta yi ba, sai ya kawo ta likita. Sau biyu yana shiga mota zuwa babban asibiti. Zuwan farko bai tarar da likitan ba. A na biyu likitan ya ɗaga hannun ya duba, ya karanta abin da nas ɗin ta rubuta a kati, ya kwafe a takardarsa, ya sa hannu. Da muka koma gida aka ba mahaifiyata labari, sai ta ce, "Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi." Don gudun ɗaukar alhaki, bari in faɗa cewa likitan bai karɓi ko kwabo ba.

Na daɗe ina zaton wannan matsala tamu ce mu kaɗai, mu da likitoci suka yi wa ƙaranci. Sai bana, sa'ad da aka ba mu aikin nemo wa waɗansu kalmomin asibiti da na shari'a takwarorinsu na Hausa, karatu ya kai ni ga gano cewa ashe a Amurka ma, duk da arzikinta da tarin asibitocinta, an shafe shekaru ana ja-in-ja a kan wannan magana: in ma'aikaci ya ji rauni a bakin aiki, sa hannun wa doka za ta karɓa? Tarihin wannan ja-in-ja nake so in ɗan gutsuro wa 'yan'uwa masu karatu, gwargwadon fahimtata.

Kafin in tsunduma, ya kamata mu daidaita a kan suna. Amurkawa suna da wani rukuni na nas-nas waɗanda, bayan sun gama karatun jinya, sukan koma jami'a su yi digiri na biyu ko ma na uku. In sun ci jarrabawa sai a ba su lasin duba maras lafiya, su gano cutarsa, su aika shi gwaji ko hoto, su rubuta masa magani. Mu ba mu da kalma guda da ta tsaya a kansu. "Babbar nas" ba ta yi ba, don wannan girma na muƙami ne. "Ƙaramar likita" kuwa su kansu ba za su yarda da ita ba, don suna ganin aikinsu jinya ce da ta faɗaɗa. Saboda haka a wannan maƙala zan kira irinsu "nas mai duba". Akwai maza a cikinsu, amma tun da mata sun fi yawa nesa ba kusa ba, zan riƙa cewa "ita". Wanda ya sami sunan da ya fi wannan dacewa ya kawo mana shi taron ƙungiya.

To, asalin maganar ya girmi nas mai duba da fiye da shekara ɗari. A ƙarni na 19, in lebura ya ji ciwo a masana'anta a Ingila ko a Amurka, hanya ɗaya gare shi, watau ya kai mai kamfani ƙara, ya kuma tabbatar wa kotu cewa sakacin maigidan ne ya jawo. Lauyoyin kamfani kuwa suna da garkuwa uku. In leburan yana da ko ɗan ƙanƙanen laifi a cikin haɗarin, ba shi da ko sisi. In abokin aikinsa ne ya yi sakacin, ba ruwan kamfani. In kuwa aikin dama mai haɗari ne, sai a ce ai ya sani ya karɓa. Shari'ar da ta fi shahara a wannan babi ita ce ta wani direban jirgin ƙasa mai suna Nicholas Farwell, a Jihar Massachusetts. Mai juya layi ya bar layin ba daidai ba, jirgi ya kauce, aka jefo Farwell ƙasa, ƙafar jirgi ta murƙushe masa hannun dama. A 1842 babban alƙalin jihar, Lemuel Shaw, ya yanke hukunci cewa kamfani ba zai biya ba. Cikin hujjojinsa har da cewa albashin direba ya riga ya ƙunshi ladan haɗarin aikinsa. Albashin Farwell dala 2 ne a rana. Mai karatu ya ɗora su a sikeli da kansa, dala 2 da hannun dama.

Jamus ce ta fara sauya wannan tsari. A 1884 gwamnatin Bismak ta kafa inshorar haɗarin aiki, masu masana'antu ke zuba kuɗin. Ba tausayi ne kaɗai ya motsa Bismak ba, so yake ya raba ma'aikata da 'yan gurguzu. Ingila ta biyo baya da tata dokar a 1897. Amurka ta yi ta jan ƙafa, har wata lauya mai suna Crystal Eastman ta je Pittsburgh, garin ƙarfe da kwal, ta ƙirga waɗanda aiki ya kashe a gundumar cikin shekara guda, daga tsakiyar 1906 zuwa tsakiyar 1907. Ta sami mutum 526. Da ta bi iyalansu, sai ta tarar da yawa ba su sami abin da ya wuce kuɗin binnewa ba, waɗansu ma ko wannan ba su gani ba. Da hannunta aka tsara dokar diyya ta Jihar Niyok ta 1910.

Abin da ya biyo baya, in da a littafin ƙagaggen labari mutum ya karanta shi, sai ya ce marubucin ya yi zuƙi. Ranar 24 ga Maris, 1911, babbar kotun Niyok ta soke dokar, ta ce tilasta wa mai kamfani biyan diyya ba tare da an kama shi da laifi ba ƙwace ne na dukiyarsa. Washegari, Asabar 25 ga wata, gobara ta tashi a kamfanin Triangle mai ɗinka rigunan mata, a hawa na takwas zuwa na goma na wani dogon bene. Wata ƙofar fita a kulle take. Mutum 146 suka halaka, mafi yawansu 'yan mata baƙin haure, Yahudawa da Italiyawa, waɗansu ta taga suka faɗo. Bayan wannan ba wanda ya iya tsayawa a gaban dokar. Jihar ta gyara tsarin mulkinta a 1913, sabuwar doka ta fara aiki a 1914. Jihar Wisconsin kuwa tun 1911 ta yi tata, kotu ba ta rushe ba. Sauran jihohi suka yi ta bi, Misisipi ce ta zo ƙarshe a 1948. Gwamnatin Tarayya ta yi wa ma'aikatanta tasu dokar dabam a 1916, kuma ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan a ransa, za mu dawo kanta.

Waɗannan dokoki ciniki ne aka ƙulla. Ma'aikaci ya haƙura da kai maigidansa ƙara, shi kuma za a biya masa kuɗin magani, a ba shi wani kaso na albashinsa, galibi biyu bisa uku, har ya warke, ko da kuwa shi ne ya yi gangancin. A nan kalmarmu ta "diyya" ta ɗan yi wa abin kaɗan, domin mu diyyar da muka gada ana ɗora ta ne a kan wanda ya yi ɓarnar ko danginsa, wannan kuwa ba a neman wanda ya yi. Amma ita ce mafi kusa, da ita za mu tafi.

Da aka daina tambayar laifin wane ne, sai waɗansu tambayoyi suka maye gurbinta. Wannan ciwon baya, daga ɗaukar kaya a wurin aiki ya samo shi, ko dama yana da shi? Kwana nawa zai yi bai iya aiki ba? In ya warke, me ya rage masa na ƙarfi? Ba alƙali ko lauyan da zai iya amsa waɗannan, sai wanda ya san jikin mutum. Saboda haka dokokin suka miƙa amsar ga likita. Ta haka likita ya tashi daga mai magani kawai ya zama mai ba da shaida, sa hannunsa ya zama mabuɗin baitulmali. Ba laifin masu rubuta dokar ba ne, don a 1911 babu wani a asibiti da ake koya wa gano cuta in ba likita ba.

Amma fa nas ta riga dokar shiga masana'anta. Tun 1878 kamfanin Colman na garin Norwich a Ingila ya ɗauki Philippa Flowerday, da safe tana taimakon likita, da rana tana zaga gidajen ma'aikatan da ke kwance. A Amurka kamfanin haƙar dutsen marmara na Vermont ya ɗauki Ada Mayo Stewart a 1895, a kan keke take bin gidajen leburori. Da dokokin diyya suka zo, masu kamfani suka lura cewa ƙaramin yanka in an wanke shi nan take ba ya zama babban ciwon da za a yi wata ana biya, sai ɗaukar nas ya yawaita. Ita ce ta farkon ganin rauni, ita ke rubuta shi a littafi, ita ta san wanda ke tari tun bara. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duk da haka abin da ta rubuta bai zama shaida ba sai likita ya ɗora nasa hannun. Akwai kuma wani abu da bai kamata a ɓoye ba. Albashinta daga kamfani yake fitowa, don haka ma'aikata da yawa sun riƙa kallonta a matsayin idon maigida, mai gaggauta mai da mutum bakin aiki.

Nas mai duba ta bayyana ne a 1965, a Jami'ar Kolorado. Loretta Ford, wata nas da ta yi aikin soja a Yaƙin Duniya na Biyu, ta kuma yi shekaru tana duba yara a ƙauyukan jihar inda ba likita, ta haɗa kai da wani likitan yara, Henry Silver, suka buɗe kwas na koya wa nas-nas duba yaro da gano cutarsa. Lokacin ya dace, don a shekarar ce gwamnati ta soma biya wa tsofaffi da matalauta kuɗin asibiti, masu neman magani suka ƙaru, likitoci kuma suna ta komawa birane da fannoni na musamman. Abin mamaki, suka ta zo wa Ford ta fuska biyu. Waɗansu likitoci suka ce nas tana shiga gonarsu, waɗansu manyan malaman jinya kuma suka ce tana so ta mai da nas 'yar aiken likita. Duk da haka abin ya kama. Jihar Idaho ta amince da su a dokarta a 1971. A 1997 majalisar ƙasa ta yarda asusun lafiyar tsofaffi ya riƙa biyansu kai tsaye, kashi 85 cikin 100 na abin da ake biyan likita. A 2023 ƙungiyarsu ta ce masu lasin sun haura dubu 385. Ita Ford ta ga duk wannan da idonta, don sai a Janairun 2025 ta rasu, tana da shekara 104.

Sai ga doka biyu a jiha ɗaya suna magana biyu. Dokar lafiya ta ce wannan mata ta isa ta duba mutum ta rubuta masa magani. Dokar diyya, wadda aka rubuta tun ba a haifi kakarta ba, ta ce ita likita ta sani. Ma'aikacin katako a bayan gari sai ya je wurin nas mai duba, ita kaɗai ce a asibitin, ta yi masa magani, amma takardar da za ta sa a fara biyansa sai ta jira likita. Jiran nan kuwa na mai ciwo ne da iyalinsa, albashi ya tsaya, kuɗin haya bai tsaya ba.

Jihar Washinton, ta can arewa maso yamma, na cikin waɗanda suka fara warware wannan ƙulli, kuma yadda ta yi ya burge ni. Daga 1 ga Yuli, 2004, ta ba nas mai duba ikon zama mai kula da ma'aikacin da ya ji rauni, ta sa hannu a rahoton haɗari, ta kuma tabbatar da kwanakin da ba zai iya aiki ba. Amma gwaji ne na shekara uku, aka ce a bi sawu a gani. Masu bincike na Jami'ar Washinton suka kwatanta ma'aikatan da nas ta kula da su da waɗanda likita ya kula da su, ba su ga wani bambanci na a-zo-a-gani ba, ko a kuɗin da aka kashe ko a daɗewa ba aiki. Sun kuma ga cewa a karkara ne aka fi cin moriyar sauyin. A 2007 aka mai da dokar ta dindindin. Maƙwabciyarta Oregon ta bi ta wata hanya, ta ba nas mai duba kwana 90 na kula da mai rauni, daga baya a 2013 aka ƙara zuwa kwana 180, in ciwo ya wuce haka sai a miƙa wa likita. Niyok, wadda take cikin jihohin farko da suka rubuta dokar diyya, sai 1 ga Janairu, 2020, ta buɗe musu ƙofa.

Ko a waɗannan jihohi akwai iyakar da aka shata. A Washinton da Oregon auna naƙasar da ta zauna wa mutum har abada ba a bar wa nas ba. A Niyok kuma binciken da kamfanin inshora kan nema in yana jayayya da rahoton mai magani ba ya cikin aikinta. Dalili a fili yake, nan ne kuɗi suke. Niyok tana da jadawali da ya yanke wa kowace gaɓa makonnin biya: hannu tun daga kafaɗa mako 312, daga wuyan hannu mako 244, ido 160, babban yatsa 75, manuni 46, na tsakiya 30. In aka ce mutum ya rasa rabin amfanin hannunsa, ko aka ce sulusi, bambancin makonni ne masu yawa, kuma kalma ɗaya ce daga bakin mai aunawa.

Yanzu mu koma dokar Tarayya ta 1916, wadda ta shafi ma'aikatan gwamnati, masu raba wasiƙu na cikin waɗanda suka fi yawan neman diyya a ƙarƙashinta. Da aka gyara ta a 1974, kalmar "likita" ta ƙunshi likitan haƙori, da na ƙafa, da mai gwada ido, da masanin halayyar ɗan'adam, har da mai gyaran ƙashin baya bisa sharaɗi. Nas mai duba ba ta shiga ba, lokacin ba ta cika shekara goma da bayyana ba. Hukumar ɗaukaka ƙara ta yi ta maimaita hukunci ɗaya shekara da shekaru, cewa rahotonta ba shaida ba ne sai likita ya sa hannu a ƙasa. A ce mai raba wasiƙu ne a karkarar Montana ya zame a kan ƙanƙara ya gurɗe. Jiharsa ta yarda nas mai duba ta buɗe asibitinta ba likita a kanta, amma maigidansa, watau Gwamnatin Tarayya, zai ce ya je ya nemo likita. Wani abin dariya kuma, a ƙarshen 2016 ita wannan gwamnati ta ba nas mai duba cikakken iko a asibitocinta na tsofaffin sojoji. A watan Yuni na 2022 Majalisar Wakilai ta zartar da ƙudurin gyara, wanda Joe Courtney da Tim Walberg, 'yan jam'iyyu biyu masu hamayya, suka kawo tare. Ƙungiyar Likitocin Amurka ta yi adawa da shi, Majalisar Dattawa kuma ba ta zartar ba har wa'adin wannan majalisa ya ƙare a farkon 2023.

Ba zan yi wa likitocin rashin adalci ba, suna da hujja. Likita a Amurka yakan yi shekara huɗu a makarantar likitanci bayan digirin farko, sa'an nan ya yi aƙalla shekara uku yana koyon aiki a asibiti. Nas mai duba kuwa, awa 500 na duba marasa lafiya shi ne mafi ƙarancin da aka daɗe ana nema daga gare ta a lokacin karatu. Wannan tazara ce babba, kuma wanda ya ce babu ita ya faɗi son ransa. In magana ta kai ga cewa ƙurar ma'adinai ce ta lalata huhun mutum bayan shekara ashirin, ko sigarin da yake sha ne, ni ma zan so ƙwararre ya yanke. Amma a nawa ganin wannan hujja ba ta kai inda suke son kai ta ba. Irin wannan tambaya ko likitan gama-gari tura ta yake yi gaba. Mafi yawan raunin aiki kuwa yanka ne, da targaɗe, da ƙuna, da ciwon baya, abubuwan da an riga an amince mata ta yi maganinsu. In an yarda ta ɗinke hannu, ban ga dalilin da za a ƙi yarda ta ce ta ɗinke shi ba. Sa hannun da likita kan yi a ƙasan rahoton wanda bai taɓa jinya ba, ban san shaidar me yake bayarwa ba.

Mu a Nijeriya dokarmu daga saiwa ɗaya ta tsiro da tasu. Turawan mulki suka kawo mana ita a 1941 bisa salon ta Ingila, aka sake ta a 1987, sa'an nan a 2010 aka yi sabuwa, wadda ta ɗora wa mai ɗaukar ma'aikata zuba kashi 1 cikin 100 na jimlar albashi a asusun hukumar NSITF. Gadon da muka ci bai tsaya ga dokar ba, har da ɗabi'ar neman hatimin likita, alhali kuwa wanda ya taɓa kwana a ƙaramin asibitin ƙauye ya san hannun da ke yin aikin.

Da na je hutu na ba kawu wannan labari, ina tsammanin zai tsaya a kan maganar nas. Shi kuwa jadawalin Niyok ne ya ɗauki hankalinsa. Ya ce in maimaita masa na manuni da na tsakiya, na maimaita. Ya haɗa, ya ce mako 76 ke nan, shekara ɗaya da kusan rabi. Sa'an nan ya tashi ya ɗauko kwafin takardarsa daga ƙarƙashin katifa, ya ce in karanta masa sunan likitan, don shi ya manta.